Agogon gado, ma'aunin iska da gwanjon Faransa

Ɗan Gulbi:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar manya da masana a kan wasu kaya biyu da mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bari a ɗakinsa, waɗanda har yau ba mu sa su cikin rabon gado ba, saboda a cikinmu babu wanda ya san ƙimarsu. Na farko agogon bango ne mai akwatin katako, an rubuta Odo a fuskarsa, yana da ramuka uku na sa mabuɗin yi masa wani, kuma sa'ad da yake aiki yakan kaɗa ɗan sauti duk bayan minti goma sha biyar, har maƙwabta su ji. Shekara shida ke nan da ya tsaya. Na biyu yana kama da agogo amma ba ya faɗin lokaci: zagayayye ne na tagulla, faɗinsa kamar tafin hannu biyu, da gilashi a gaba, da lambobi daga 73 zuwa 79, da kalmomin Faransanci kewaye da su. Marigayi ya ce wani Bature da ya yi wa aiki a kantin sayen gyaɗa ne ya bar masa shi da zai koma gida, kafin samun ƴancin kai a 1960. Tun ina yaro allurarsa take zaune a kan kalmar da ke nufin guguwa, ko da tsakiyar hunturu ne, shi ya sa muka ɗauka matacce ne.

Abin da ya ta da maganar shi ne, ɗan yayata ya turo mana kundin wani gwanjo da za a yi a Faransa, cike da irin waɗannan kaya. Yayanmu ya ce mu aika namu can a sayar a raba kuɗin. Ni kuwa da na duba kundin, raina ya biya ga wani dogon agogo mai tsayuwa a ƙasa, da wani ma'aunin iska mai tsawo wanda aka ce na zaiba ne, wato ruwan ƙarfen nan mai sheƙi na cikin ma'aunin zafin jiki. Ina roƙon a gaya mini gaskiya game da sayarwar da kuma sayen.

Malamin Kimiyya:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya gafarta wa Baba. Bari in fara da abin da ka ce matacce ne, domin ina kyautata zaton yana da ransa. Sunansa baromita, aikinsa kuwa auna nauyin iskar da ke danne mu. Wani Ba'italiye mai suna Torricelli, almajirin Galileo, shi ya gano asalin abin a 1643: ya cika dogon bututun gilashi da zaiba, ya kife shi a cikin kwanon zaiba, sai ya ga ba ta zube duka ba, ta tsaya a tsayin kusan santimita 76. Iskar da ke danna zaibar cikin kwanon ita ce ta riƙe ta. Da ruwa ya yi amfani da shi, da sai ya nemi bututu mai tsawon mita goma, domin zaiba ta fi ruwa nauyi fiye da sau goma sha uku. Masu lambu a bakin Gulbi sun san wannan a aikace ko da ba su san sunansa ba: injin ban ruwa da aka ajiye a bakin rijiya ba ya iya tsotso ruwan da ya yi zurfin da ya wuce mita bakwai ko takwas, dole a sassauko da injin ƙasa.

A 1648 Pascal, wani masani Bafaranshe, ya sa mijin yayarsa ya hau dutsen Puy de Dôme na Faransa da irin wannan bututu, zaibar ta sauka da kusan santimita 8 tsakanin gindin dutsen da ƙolinsa. Nan ne amsar tambayarka take. Lambobin nan 73 zuwa 79 santimita ne na zaiba, kuma an daidaita su ne don mutumin da ke bakin teku, inda matsakaicin nauyin iska yake 76. Maraɗi ta ɗara teku da fiye da mita 350, don haka iskar da ke kanmu ta ragu da kusan santimita uku, allura ta faɗa wajen 73, daidai inda maƙerin ya rubuta guguwa. Ke nan shekara da shekaru abin yana faɗin gaskiyar nauyin iskar garinmu, kalmar da ke wurin ce ba don mu aka rubuta ta ba.

Naka ba shi da zaiba a ciki. Irin wanda Lucien Vidi, mutumin Faransa, ya ƙirƙiro ne a 1844: wani ɗan gwangwani ne na ƙarfe mai laushi da aka zuƙe iskar cikinsa, idan iskar waje ta yi nauyi ya loɓa, idan ta yi sauƙi ya kumbura, wannan ɗan motsi kuma shi ne wasu ƙananan ƙarafa da siririyar sarƙa suke kai wa allura. Ga yadda za ka gwada shi ba tare da ka kwance kome ba. Ka sa shi cikin leda mai haske wadda ba ta huje ba, ka ɗaure bakinta da iska a ciki, sa'annan ka matsa ledar a hankali. Idan allura ta motsa zuwa dama, ta koma sa'ad da ka saki, to lafiyarsa lau. A bayansa za ka ga ɗan rami da kan noti a ciki, da shi ake daidaita allurar, amma kada ka taɓa shi tukuna.

Ɗan Gulbi:
Malam, na gwada bayan la'asar, wallahi ta motsa, ta kuma koma. Na kira yayata ta gani, sai da ta yi hawaye, domin ta tuna yadda marigayi yake ƙwanƙwasa gilashin da yatsa kowace safiya. Ashe da dalili yake yi.

Manomin Tibiri:
Malam, ina da tambaya. Idan aka daidaita shi, zai iya gaya wa mutum ranar da ruwan shuka zai sauka?

Malamin Kimiyya:
Ba zai iya ba, yallaɓai, kuma gara in faɗa a fili kada wani ya kashe kuɗinsa da wannan niyya. A Turai nauyin iska yakan hau ya sauka da santimita biyu ko uku cikin ƴan kwanaki, gwargwadon manyan guguwar da ke zuwa musu daga teku, shi ya sa FitzRoy, wanda aka ba shugabancin ofishin hasashen yanayi na Ingila a 1854, ya sa aka rarraba wa garuruwan masunta irin waɗannan ma'aunai don su rage mutuwa a ruwa. Mu da muke kusa da tsakiyar duniya abin ba haka yake ba. Allura tana hawa da sauka sau biyu kowace rana kamar an sa mata doka: takan hau wajen ƙarfe goma na safe da goma na dare, ta sauka wajen huɗu na yamma da huɗu na asuba, kuma duka motsin bai wuce milimita biyu ko uku ba. Hadarinmu na damina, wanda ke tasowa daga gabas da iska da ƙura a gabansa, ba ya yi wa allura sallama tun da nisa. Sai ya iso ne za ka ga ta ɗan yi tsalle. Abin da za ka gani a hankali shi ne bambancin hunturu da bazara, domin iska ta fi nauyi a watan Janairu, ta fi sauƙi a Afrilu da Mayu. Ƙwanƙwasa gilashin da Baba yake yi kuwa daidai ne, yana sakin ƙarafan da suka ɗan cije ne. Allura ta biyu, wadda ake juyawa da hannu, alama ce kawai, ana ajiye ta inda ta farko take don gobe a san ko ta hau ko ta sauka.

Baba Mai Gyaran Agogo:
Ɗana, na karanta bayaninka, jikana ne yake rubuta mini amsa. Na fi shekara arba'in ina buɗe cikin agogo a garin nan, kuma irin na mahaifinka sun sha zuwa hannuna. Ramuka ukun nan kowanne da aikinsa: ɗaya na tafiyar lokaci, ɗaya na bugun awa, ɗaya na sautin kwata. Mafi yawan waɗanda suka tsaya ba karyewa suka yi ba. Man da ke cikin ramukan da sandunan haƙora ke juyawa ne yake bushewa, ƙurar hunturu ta shiga ta haɗu da shi, su zama kamar dutsen wasa wuƙa, su dinga cin tagulla har ramin ya faɗaɗa, haƙora su daina haɗuwa daidai. Idan mutum ya ga agogo ya tsaya ya ɗura masa man keke, ko man gyaɗa, ko kananzir, zai yi tafiyar wata ɗaya ko biyu, amma ya ƙara masa ciwo. Gyaran gaskiya shi ne a kwance shi gaba ɗaya, a wanke kowane haƙori, a sa wa ramukan da suka ci sabuwar tagulla, sa'annan a ɗiga man agogo da bakin allura, ɗigo ɗaya a kowane rami, haƙoran kansu kuwa ba a sa musu mai.

Ina roƙonka abu ɗaya da babbar murya. Kada ka bar matan gida su goge shi ko su goge wancan ma'auni da toka da lemun tsami kamar yadda ake goge tasa. Na taɓa ganin agogon tebur mai ruwan zinariya da aka goge shi haka don a faranta wa mai gida rai ranar salla, zinariyar ta tafi, kuma ba ta dawowa. Duhun nan da tsohuwar tagulla ke yi, masu saye suna biyan kuɗinsa. Haka kuma kada ka ja allurar minti baya a agogo mai bugu, kuma idan za ka ɗauke shi daga bango ka fara cire ƙarfen lilon, domin siririn ƙarfen da yake rataye a jikinsa ko ɗan lanƙwasa ya yi ya gama aiki.

Dogon agogon da ranka ya biya kuwa, ka yi tunanin katakonsa kafin injinsa. An yi shi ne a ƙasa mai laima. Idan ya sha hunturu biyu a Maraɗi katakon yana tsukewa, ya tsage, fallen katakon ado da aka manna a kai ya ɓanɓare, ga kuma gara tana jiransa a ƙasa tunda a ƙasa yake tsayuwa. Zafi ma yana taɓa lokacinsa: sandar lilo tana ƙara tsawo da bazara, agogo ya dinga jinkiri. Shi ya sa akwai noti a ƙarƙashin nauyin lilon, a ɗaga shi sama idan yana latti, a sauke shi idan yana gudu.

Malamin Kimiyya:
Baba ya yi gaskiya, kuma ana iya lissafa abin. Sandar baƙin ƙarfe tana sa agogo jinkirin kusan rabin daƙiƙa a rana a kan kowane digiri ɗaya na ƙarin zafi, ta tagulla ta fi haka. Idan ɗaki ya ƙara digiri goma tsakanin Janairu da Mayu, an yi asarar fiye da rabin minti a mako. Tun da Huygens, masani mutumin Holan, ya ƙera agogon lilo na farko a 1656 maƙera ke fama da wannan, har John Harrison, maƙerin agogo na Ingila, ya haɗa sandunan ƙarfe da na tagulla suna soke tsawon juna. Amma a kula, sandunan da ake gani a jikin lilon agogon gidaje da yawa ado ne kawai.

Ɗan Maraɗi a Besançon:
Gaisuwa ga Baba da Malam. Shekarata goma sha ɗaya a wannan gari, wanda shi ne cibiyar sana'ar agogo a Faransa, kuma nakan shiga ɗakunan gwanjo ranar da ake baje kaya don kallo. Yaya Ɗan Gulbi, zan gaya maka abin da ba zai yi wa yayanku daɗi ba. A garin Morbier da ke tsaunukan Jura, nan kusa da mu, aka ƙera agogon Odo, kuma an ƙera su da yawa ƙwarai, har ya zama kusan kowane gidan kaka a ƙasar nan akwai irinsa. Akwai wasu samfura nasa masu sandunan sauti da yawa da waƙa fiye da ɗaya waɗanda ake nema, don haka ka buɗe ƙofarsa ka ƙirga sandunan da gudumomin da ke bugunsu, ka ɗauki hoton lambar da ke bayan injin. Amma idan na gama-gari ne, ga shi kuma a tsaye, kuɗin akwati da na jirgi da inshora da la'adar gidan gwanjo za su cinye abin da aka saya. Ma'aunin iskar ma haka, sai fa idan akwai sunan sanannen maƙeri a fuskarsa, irin su Naudet na Paris ko Negretti da Zambra na Landan.

Labaran da ke ruɗin mutane na wasu kaya ne daban. Gaskiya ne a 2014 gidan gwanjo na Sotheby's ya sayar da agogon aljihu na kamfanin Patek Philippe da aka yi wa Henry Graves a kan kusan dalar Amurka miliyan 24 a Janeba, amma shi kaɗai ne irinsa a duniya, an san wanda ya ƙera shi, an san wanda aka yi wa, an san hannun da ya bi. Abin da ke ɗaga farashi ke nan: sunan maƙeri irin su Tompion ko Breguet, ƙarancin abin, kasancewar kowane sashe nasa na asali, da takardun tarihinsa. Tsufa kaɗai ba ya isa.

Game da saye, ka fahimci lambobin kundin. Kuɗi biyun da aka rubuta ƙarƙashin hoto ƙiyasi ne, ba farashi ba. Akwai kuma wani kuɗi na ɓoye da mai kaya ya ce ba zai sallama ƙasa da shi ba. Idan mai gwanjo ya buga guduma a kan tayinka, ba shi ke nan ba, za a ɗora maka la'adar mai saye, wadda takan kai kashi 25 ko 30 cikin ɗari. Mu ɗauka an sallama maka a kan yuro 400 da la'adar kashi 25: ka biya yuro 500 ke nan, wato kusan jika 328 na sefa, tunda yuro ɗaya sefa 655.957 ne, kuma kayan yana nan Faransa bai motsa ba. Bugun gudumar nan alkawari ne a doka, ba a cewa an fasa.

Dogon agogon da ka gani, daga hotonsa na cikin kundin, irin na wannan yanki ne da ake kira Comtoise. Injinsa yana cikin kejin ƙarfe, yana tafiya da nauyi biyu ba sifirin ba, yi masa wani sau ɗaya yana kai shi kwana takwas, kuma yana buga awa sau biyu, ya buga, bayan kamar minti biyu ya maimaita, don wanda ke gona ko yake barci ya samu ya ƙirga. Sunan da ke fuskarsa yawanci na mai shagon da ya sayar ne, ba na maƙeri ba. Ka rubuta musu ka nemi rahoton halin da kayan ke ciki, da hotunan injin ta baya da ta gefe.

Alhaji Mai Shigo da Kaya:
Ni abin ya taɓa cina, shi ya sa zan sa baki. Shekarun baya na sayi dogon agogo ta intanet a hannun wani dillali, na ga hoto uku, na ji bayani mai daɗi, na biya. Cinikin biri a sama na yi. Wata huɗu kayan ya yi tsakanin teku da tashar jirgin ruwa da hanyar mota da duwan, kuma kuɗin hanya ya fi kuɗin agogon. Da ya iso na kai wa mai gyara, yana cire murfin sama ya nuna mini ramukan ƙusa a katakon da injin ke zaune a kai waɗanda ba su dace da ƙafafun injin ba, ya nuna mini tazara tsakanin fuskar agogon da tagar akwatin. Ashe injin wani agogo ne aka aura wa akwatin wani. Yana tafiya, yana bugu, amma a wurin masu tara irin waɗannan kaya darajarsa ta faɗi warwas. Da na koma na karanta bayanin da kyau, sai na ga ashe an rubuta cewa an haɗa shi ne daga sassa, ni ne ban san nauyin kalmar ba. Haka kuma kalmar da ke nufin “salon ƙarni kaza” ba ɗaya take da wadda ke nufin “ƙirar ƙarni kaza” ba; ta farko kwaikwayo ce. Ka samu wanda ya ƙware a Faransancin wannan sana'a ya karanta maka layi bayan layi. Shawarata, in har sai ka saya, ka sayi injin da fuskarsa da lilonsa da nauyinsa kaɗai, domin ana iya rataye Comtoise a bango a kan ɗan dandamali ba tare da akwati ba, ka huta da gara da tsagewar katako.

Ma'aikaciyar Lafiya:
Kawu, ni maganar zaibar ce ta hana ni yin shiru. Abin da ke cikin dogon ma'auni ya ninka na ma'aunin zafin jiki sau da yawa. Idan bututun ya fashe a ɗaki, zaibar tana tarwatsewa ƙanana ƙanana ta shige tsagar siminti da ƙarƙashin tabarma, ta dinga fitar da tururin da ba a gani, ba a jin warinsa, kuma zafi yana ƙara shi, ga ɗakunanmu da bazara kamar tanda. Ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da ƙoda yake taɓawa, yara da masu ciki suka fi shiga haɗari, kuma yaro yana ganin tana sheƙi tana gangarawa zai sa hannu. Tsintsiya ba ta kwashe ta, ƙara watsa ta take yi. Saboda irin wannan illa ce ƙasashen duniya suka sa hannu a yarjejeniyar Minamata a 2013, aka ba ta sunan garin Japan da gubar zaiba ta nakasa mutanensa. A gida mai yara ban ga dalilin shigo da wannan abu ba.

Mai Tara Tsofaffin Kaya:
Ƴata, ban musa illar zaiba ba, amma ina so a yi wa abin adalci. Ma'aunin da yake rataye a bango lafiyayye, ba a taɓa shi, ya yi shekara ɗari biyu a gidajen mutane. Kuma a wurin mai tara kaya shi ne asali, ba na gwangwani ba: na zaiba nauyin iska yake aunawa kai tsaye, na gwangwani kuwa sai an daidaita shi da na zaiba. Wanda ya ga aikin maƙeran da suka yi ƙaura daga yankin tafkin Como na Italiya zuwa Ingila, suka riƙa ƙera masu siffar gurmi da katakon ado da fuska mai ruwan azurfa, zai gane abin da ya sa ake ƙaunarsu. Ko Tarayyar Turai da ta hana sayar da sababbi tun 2009 ta bar cinikin tsofaffin. Inda na yarda da ke shi ne hanya. Kamfanonin jirgin sama ba sa karɓarsa a cikin kayan matafiyi, domin zaiba tana cin alminiyon jikin jirgi. A mota kuwa ba a kwantar da shi sai wanda ya iya ya toshe bututun, in ba haka ba girgiza ɗaya ta sa zaibar ta daki kan gilashin ta fasa shi, ko iska ta shiga ta raba ta. Daga bakin teku zuwa Maraɗi ba na jin zai iso da rai, idan ya fashe kuma babu mai hura sabon bututu a nan. Ga wani abin kuma: allon lambobin wasu na hauren giwa ne, wanda aka hana cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1989, ana iya riƙe kayan a kan iyaka saboda takardu. Don haka ni ma ba zan ce Ɗan Gulbi ya saya ba, amma ba don abin ba shi da daraja ba.

Malam na Limanci:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Abu biyu zan tunatar. Gwanjo halal ne, domin ya zo a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sayar wa wani mabuƙaci shimfiɗarsa da ƙwaryar shansa, wani ya taya dirhami ɗaya, ya nemi mai ƙari, wani ya saya dirhami biyu. Abin da aka hana shi ne najashi, wato mutum ya ƙara tayi ba da niyyar saye ba, sai don ya ingiza wani. Na faɗi haka ne domin na san akan ce wa ɗan'uwa ya shiga ya ɗaga farashin kayan gida. Wannan haramun ne ko a Kasuwar Maraɗi ko a intanet. Na biyu, kayan nan biyu haƙƙin dukan magada ne, maza da mata, har da wanda bai balaga ba idan akwai. Ba ya halatta ɗaya ya riƙe don ƙauna, ba ya halatta ɗaya ya aika da su waje ba da yardar saura ba. Hanya mai sauƙi ita ce a sa masana biyu amintattu su yi musu ƙima, wanda yake so ya ɗauka a cikin rabonsa ko ya biya saura. A gaggauta, jinkirin rabon gado ba ya haifar da alheri.

Hajiya ta Unguwar Zariya:
Ɗan'uwana, ni ƴar kasuwa ce, amma a nan ba zan ce a sayar ba. A Faransa ma'aunin nan ɗaya ne cikin dubbai, a nan kuwa shaida ne na zamanin da gyaɗa ta gina garin nan, lokacin da iyayenmu suka fara a matsayin yaran kanti suka zama alhazai. Kayan wancan zamani nawa suka rage a gidajenmu? Sikelin awo, akwatunan ƙarfe, takardun ciniki, duk mun bar masu sayen tsohon ƙarfe sun auna su a kilo. Ka zauna da yayarka da tsofaffin da suka rage, ku rubuta sunan kantin, da shekarun da Baba ya yi aiki a can, da yadda aka ba shi abin, ku ajiye takardar tare da shi. Ɗan'uwanmu na Besançon ya ce takardar tarihi tana ƙara kuɗi. Ko ba ta ƙara ba, jikokinku za su san abin da suke kallo.

Ɗan Gulbi:
Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Jiya da dare muka zauna da yayanmu, na karanta masa lissafin la'ada da na hanya, ya yarda a yi ƙimar a nan kamar yadda Malam na Limanci ya ce. Yayata ta nemi ma'aunin iskar a cikin rabonta, ni zan nemi agogon. Na fasa maganar na zaiba gaba ɗaya. Injin Comtoise kuwa ban cire rai ba, amma na rubuta musu ina neman rahoto da hotuna, kuma na yanke wa kaina kuɗin da ba zan wuce ba. Na buɗe ƙofar agogon, sanduna takwas na ƙirga da guduma takwas, zan tura hoton lambar. Baba, ina so in kawo maka shi ranar Asabar. In zo da akwatin duka ne, ko in kwance injin in kawo?

Baba Mai Gyaran Agogo:
Kada ka kwance kome, ɗana. Ka cire lilon ka naɗe shi daban a tsumma, ka cusa ɗan kwali tsakanin sandunan sauti don kada su daki juna, ka kawo shi a mota a kan cinyarka, ba a bayan babur ba. Ka nemo mabuɗin waninsa a ɗakin marigayi, sau da yawa a ƙasan akwatin ake ajiye shi. Ka zo da hantsi kafin ƙura ta tashi.